Ku Mayar da Sunan Yayata a Shafi na Goma Sha Huɗu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Jawo Masu Zuba Jari na Ƙungiyar Ƙasashen Yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukkan ma'aikatan ofishinka. Allah ya sa gajiyar tafiye-tafiyen da kake yi ƙasa-ƙasa ta bi lafiya.

Sunana Hajja Bintu, ina zaune a Bulumkutu, cikin Maiduguri. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata kafin na ajiye alli na koma sana'ar gidanmu, wato turaren wuta. Ba ka san ni ba, ranka ya daɗe, amma ka san fuskata. Ni ce matar nan mai jar lafaya da ke murmushi a shafi na goma sha huɗu na littafin da kwamitinka ya buga, wanda kake miƙa wa baƙi a duk taron da ka je domin su yarda cewa yankinmu wurin zuba dukiya ne. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ni kaɗai na gina wannan sana'a cikin tsakiyar rikici. Wannan ƙarya ce, kuma a kanta na rubuto.

Sau uku na aiko wa ofishinka wasiƙa a rufe cikin ambulan, ban sami ko da "mun gani" ba. Shi ya sa na buɗe wannan kowa ya karanta. Da Hausa na rubuta ta, ba da Turancin littafinku ba, domin Hausa ake ji a nan, ita kuma ake ji a ƙetaren kogi.

Na ɗaya. Bari in fara da abin da jami'anka ba su tambaya ba, wato yadda ake yin abin da suka ɗauki hotonsa.

Turaren wuta aiki biyu ne, suya da haɗi. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, 'ya'ya mata biyu ta bari, ni da yayata Ya Kaltum. Ita Ya Kaltum, mahaifiyarmu ta koya mata suya: yadda ake narka sukari, a zuba itace, a yi ta juyawa, da lokacin da ake sauke tukunya daga wuta. Wannan lokacin ba agogo ke faɗarsa ba, hanci ne. Ka sauke da wuri, itacen bai sha ba. Ka yi jinkirin numfashi uku, ƙauri ya shiga, an yi asara. Ni kuma ta koya mini haɗi: wane turare ke shiga kafin wane, da wata nawa kwalba za ta yi a rufe cikin duhu kafin a taɓa murfinta. Ranar suya takan kore ni daga madafa. Ranar haɗi takan aiki Ya Kaltum kasuwa sayen abin da ba a bukata. Muka yi ta jin haushinta, har zuwa ranar da za a kai Ya Kaltum gidan mijinta a Diffa, can ƙetaren kogin da ya raba ƙasarmu da maƙwabciyarta. A ranar ta zaunar da mu ta ce ta san halin da ta haifa, ni baki, yayata zuciya, kuma in kowaccenmu ta iya aikin duka, to sai dai mu riƙa haɗuwa wajen ta'aziyya. Sannan ta ɗauko cokalin suyarta, wani dogon cokalin ƙarfe da bakinsa ya cinye ta gefe guda saboda juyi, ta saka a cikin kayan amarya.

Haka muka rayu fiye da shekara ashirin. Ya Kaltum ta soya a Diffa, mijina Malam Modu, wanda direba ne, ya ɗauko buhunan ta hanyar Damasak, ni in haɗa a Bulumkutu, ya mayar mata da rabin kwalaben. Amaryar Yerwa, wato nan Maiduguri, da amaryar Diffa ƙamshi ɗaya suke shiga da shi ɗaki. Da fitina ta zo, yaran daji masu bindiga suka tare motar Malam Modu a wannan hanyar. Ko gawarsa ba mu gani ba. Duk da haka buhunan ba su daina zuwa ba. Abokan aikinsa suka ci gaba da ɗauko su cikin ayarin motocin da sojoji ke yi wa rakiya, wani lokaci sai an yi wata biyu ana jira. A watannin da aka kashe layukan waya a jihar nan, buhun Ya Kaltum shi ne wasiƙarta. In na kwance bakinsa na ji ƙamshin, na san tana raye kuma hannunta bai yi rauni ba.

Na biyu. Sai shugabanni suka yi saɓani. Mulki ya canja hannu a can, aka yi fushi a nan, aka rufe iyaka, aka yi ta musayar baƙar magana a rediyo. Sababbin shugabannin can suka sallami tsofaffin abokansu na waje suka nemi sababbi, ku kuma kuka shiga tsoron kada masu kuɗin duniya su ɗauka cewa yankin duka ya kama da wuta. Yau a ce an buɗe hanya, gobe a ce wannan gefen ne ya buɗe, wancan bai buɗe ba. A cikin wannan hali ne jami'anka suka zo Maiduguri neman labari mai daɗi da za a nuna wa baƙi, wani ya nuna musu gidana.

Suka kawo takardar cikewa. A wurin masu sana'a na rubuta suna biyu, a wurin ƙasa ma na rubuta biyu. Jami'in da ke kula da takardun, mutum ne mai ladabi, Hajja yake kirana yana sunkuyar da kai, ya duba ya ce akwatin ƙasa ɗaya yake ɗauka. Ya ce a halin da ake ciki, in baƙi suka ga sunan waccan ƙasar a jikin kaya, za su tuna takunkumi da juyin mulki su ja da baya, kuma na sama da shi ba za su sa hannu ba. Ya ce wannan na takarda ne kawai, tsakanina da yayata ai ba mai shiga. Na ce masa itacen a can ake soya shi. Ya ce to a rubuta cewa ina sayen kayan aiki daga maƙwabta. Ya ɗauko sabuwar takarda ya miƙo mini biro.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye nawa laifin ba, tunda a bainar jama'a nake magana. Ni na sa hannu. Ba a ɗora mini bindiga ba. Na ce a raina in jarin ya shigo, ai mu biyu za mu ci, in ya so daga baya na yi mata bayani. Matar da ta shekara da shekaru tana koya wa 'yan mata yadda wasu suka zauna a wani gari mai nisa suka ja layi a kan taswira suka raba gida ɗaya biyu, ita ce ta karɓi biro ta ja nata layin. Wannan nauyin nawa ne, zan ɗauke shi har kabari. Amma ku kuka ƙera akwatin da ba ya ɗaukar 'yan uwa biyu, kuma ku ne ƙungiyar da aka ce an kafa ta domin haɗa ƙasashe.

Na uku. Aka kai ni babban birni wurin taron masu zuba jari. Aka ba ni teburi cikin wani zaure mai sanyi kamar cikin randa, aka jera kwalabena da haske a bayansu. Na fito da kaskona na nemi garwashi, sai masu tsaro suka taso kamar na fito da bam. Wai an hana wuta a zauren. Na ce musu sunan abin turaren wuta, ba turaren kallo ba. Suka ce doka ce. Kwana biyu ina tsaye ina kallon manyan mutane masu kwat suna buɗe kwalba, su kai hanci, su gyaɗa kai, su wuce. Wanda ya shinshina turaren wuta a sanyi bai san komai a kansa ba, kamar mai duba hoton tuwo ne ya ce ya ƙoshi. Ba ko mutum ɗaya cikin masu shirya taron da ya san wannan, alhali na tabbata iyayen wasunsu mata da kasko suka turara zanen goyonsu.

A rana ta biyu wata dattijuwa ta tsaya a teburina, mai kamfanin turare ce daga ƙasashen Larabawa. Ba ta kai hanci kwalba ba. Ta tambayi tafinta ina wutar take. A nan na san na ga 'yar gida. Na ja ta muka fita wurin ajiye motoci, na roƙi garwashi wurin wani mai shayi a bakin ƙofa, na ɗora. Ta tsuguna da tsadaddiyar rigarta a ƙasa, ta rufe ido tana shaƙar hayaƙin. Da ta buɗe ido sai ta ce haɗin ya yi kyau, amma abin da ta zo nema shi ne suyar, domin ta yi yawo ƙasashe ba ta taɓa jin sukari ya tsaya daidai wannan gaɓar ba. Ta tambaya ko ni ce na soya.

Kafin in buɗe baki, jami'inka da ya biyo mu ya amsa mata da Turanci cewa ni ce komai da komai, ya buɗe mata shafi na goma sha huɗu. Ina jin Turanci sarai, ranka ya daɗe. Na ji abin da ya faɗa. Na dubi garwashin, na bar maganarsa ta wuce ban gyara ba. Ta ce in aika mata sabon aiki, wanda aka yi bayan wannan ranar, in ya zo daidai da wannan za mu zauna maganar kafa wurin aiki a Maiduguri.

Na huɗu. Na dawo gida ba buhu, domin hanya a rufe take. Na ce bari in gwada, ai na sha leƙen madafa ina yarinya. Sau bakwai na ɗora tukunya. Uku suka ƙone, maƙwabta har suna aiko tambaya ko lafiya. Biyu suka fito ɗanye. Cikin biyun da suka rage na zaɓi mai dama-dama, na zuba masa duk abin da na sani na haɗi, na aika. Amsar dattijuwar gajeriya ce, cikin mutunci. Ta ce wannan ba hannun da ta ji ba ne, in mai wancan hannun ta dawo aiki a sanar da ita. Ba ta ce na yi mata ƙarya ba, amma ni na san abin da ta fahimta.

Wannan bai kai abin da ya biyo baya ciwo ba. Littafinku ya riga ni zuwa Diffa. Wani ya ɗauki hoton shafin ya tura ta waya, aka karanta wa Ya Kaltum, aka fassara mata kalma bayan kalma, har da wurin da aka ce ina sayen kayan aiki daga maƙwabta. Na kira ta ba ta ɗauka ba. Na kira 'yarta, ta gaishe ni da ladabi ta ce mahaifiyarta tana hutawa. Na kira da safe tana hutawa, na kira da la'asar tana hutawa. Matar da ban taɓa gani zaune ba sai a kan sallaya.

Bayan sati uku wani mai kifi ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce an ba shi saƙo a bakin kogi, wani mai kwalekwale ya ƙetaro da shi. Abu ne dogo a naɗe cikin tsohon zane. Tun kafin in kwance na san mene ne, domin na ji nauyinsa. Cokalin mahaifiyarmu ne. An wanke shi tas, an goge, ba ko ɗigon sukari a jikinsa. Na tambayi mutumin ko an haɗo da magana. Ya ce ba a ce komai ba.

Kai da ka saba karanta wasiƙun ƙasashe, ranka ya daɗe, ban sani ba ko ka taɓa karɓar wadda ta kai wannan bayyana. Tana cewa tunda ni kaɗai ce, ga cokali.

Yana nan rataye a madafata. Ban taɓa sa shi cikin tukunya ba. Gidan nan da a da mata ke cika shi ranar buɗe kwalba, ana gardamar wace amarya za a fara ba, yanzu ni ce kawai a cikinsa. Ɗana yana Legas, 'yata tana aure a Kano, suna kira suna cewa in bar Maiduguri in dawo wurinsu. Sallah biyu ke nan ina dafa abinci in rasa wanda zan kira in ce ya naki ya yi. Da mijina ya tafi, Ya Kaltum ce ta ƙetaro ta zauna da ni har na gama takaba, muna kwana ɗaki ɗaya kamar lokacin ƙuruciya. Masu bindiga sun raba ni da miji amma ba su iya raba ni da ita ba. Takarda mai akwati ɗaya ce ta yi wannan, da hannuna a ƙasanta.

Na biyar, kuma wannan ya shafi aikinka kai tsaye. Na karanta littafinku daga bango zuwa bango, abin da nake zaton ba kowa a ofishinka ya yi ba. Tashoshin jiragen ruwa ne a ciki, da gadoji, da taswirar da aka yi wa launi har zuwa iyaka, daga nan sai fari fat, kamar duniya ta ƙare a bakin kogi. Mu mutanen Borno ba teku muke fuskanta ba. Kasuwarmu tana kallon arewa da gabas. Barkononmu, kifinmu, shanunmu, surukanmu, duk ta can suke zuwa. In kun goge wancan gefen domin kada baƙo ya tsorata, me ya rage da za ku sayar masa a nan?

Kuma baƙon da kuke ɓoye wa ba yaro ba ne. Yana da rediyo, yana da jakadu, ya san wa ke gaba da wa fiye da yadda ni na sani. Mutum ɗaya tak na gani a taronku da ta zo da niyyar gaske, kuma ba labarin rikici ne ya kore ta ba. Ta san da rikicin ta hau jirgi ta zo. Abin da ta nema shi ne ainihin abin da kuka goge. Da jami'inka ya bar ni na ce mata mu biyu ne, ɗaya a nan ɗaya a Diffa, hanya ce ta raba mu, wataƙila da ta ce za ta jira, wataƙila da ta ce a'a. Ko wanne ta faɗa, da a kan gaskiya ta faɗe shi, ni kuma da ina da yaya.

Ban ce ku ne kuka jawo saɓanin shugabanni ba, kuma ban isa in ce wa ke da gaskiya a cikinsu ba. Amma ku da aka ɗora wa tallar yankin nan, kuna tallar rabin kaya kuna cewa cikakke ne. Ku tambayi duk wata mai sayar da turare a Yerwa, za ta gaya muku sau ɗaya ake yi wa mai saye haka.

Saboda haka, ga abin da nake roƙo.

Ku gyara shafi na goma sha huɗu. A rubuta cewa turaren nan aikin mata biyu ne 'yan uwa, Kaltum mai suya a Diffa da Bintu mai haɗi a Maiduguri, kuma sunanta ya riga nawa, domin ita ce babba kuma aikinta ke fara shiga wuta. A cire maganar maƙwabta. In siyasa ba za ta bari ku buga sunan garinta ba, to ku cire hotona gaba ɗaya, ku daina yawo da murmushina ƙasa-ƙasa.

Ku ƙara akwati a takardarku. Ba ni kaɗai ce a garin nan mai rabin sana'a a ƙetare ba, kuma ba na so wata ta zauna inda na zauna da biro a hannu.

In za ku sake kiran masu turaren wuta taro, ku tanadi garwashi.

Na ƙarshe, ku aiko mini da kwafi ɗaya na shafin da aka gyara, da hatimin ofishinku a jiki. Ba lambar yabo nake so ba, wadda kuka ba ni a taron nan tana cikin kwali ban buɗe ba, kuna iya aiko a karɓa. Mutane suna ce mini in bi ayari zuwa Damasak in shiga kwalekwale kamar kowa, in je in ba ta haƙuri. Zan je. Tun rasuwar Malam Modu ban taka wannan hanyar ba, gwiwoyina ma ba na da ba ne, amma zan je. Sai dai na san yayata. A rubuce aka cire ta, ba za ta karɓi gyara da baki ba. Ina so in shiga gidanta da takardar a hannu ɗaya, cokalin a ɗaya hannun. Ta girme ni da shekara shida, tana fama da hawan jini, kuma ba ta koya wa kowa suyar ba, domin ni ma ban koya wa kowa haɗin ba. Mun yi alkawarin za mu zaunar da 'ya'yanmu mata rana ɗaya mu raba musu kamar yadda aka raba mana. Ku kuna da lokacin jiran shugabanni su shirya. Ni ba ni da tabbacin ina da shi.

Kwalba ɗaya ta rage mini daga buhunta na ƙarshe. An taya ta sau da yawa na hana. Ba zan buɗe ta ba sai a tsakar gidanta.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora a wannan aiki, ya ba ka mashawarta masu gaya maka gaskiya, ya kawo masu zuba jarin alheri yankinmu, ya daidaita tsakanin shugabanninmu, ya kawo ƙarshen fitinar da ta cinye mana maza. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka kira ɗan uwanka a ce maka yana hutawa.

In kuma wannan wasiƙa ta ƙetare kogi kafin amsarka ta iso, ina roƙon duk wanda ta faɗa hannunsa a Diffa ya karanta wa Ya Kaltum ita, kalma bayan kalma, kamar yadda aka karanta mata waccan. Kada ya tsallake wurin da na ce ni na sa hannu.

Wassalam.

Hajja Bintu,
mai haɗi, ƙanwar mai suya,
Bulumkutu, Maiduguri.